Akirilik, inamel ko fentin mai: da wanne za ka tsufar da ƙaramar tankarka?

Ranar da ka gama harhaɗa ƙaramar tankar yaƙi ta roba, ka fesa mata launinta, ka liƙa mata lambobinta, za ka ja da baya ka dube ta ka ji wani abu bai zauna ba. Komai yana inda ya kamata, amma kama take yi da abin wasan yara. Tanka ta gaske ba ta kwana biyu a fagen daga tana sheƙi haka. Ƙura na hawa kanta, ruwan sama na jawo ƙurar zuwa ƙasa, takalman sojoji na cinye fentin bakin ƙofa, hayaƙi na baƙanta bayanta. Mayar da wannan tarihin a jikin roba shi ne abin da masu wannan sana'a ke kira tsufarwa, kuma a nan ne sabon shiga ke tsayawa cak, domin kayan aikin iri uku ne kuma kowanne da masu rantsuwa da shi: akirilik, inamel, da fentin mai na masu zane, wanda ke zuwa a bututun da ake matsewa.

Na yi aiki da dukkansu. Abin da na fahimta shi ne, ba kyawun launi ne ya raba su ba. Lokaci ne. Tambayar da za ka yi wa kowane fenti ita ce: minti nawa za ka ba ni in juya ka, in goge ka, in sake shawara, kafin ka kafe ka ƙi motsi?

Akirilik, irin na Vallejo da ake yi a Sifaniya, ruwa ne ke ɗauke da shi. Da ruwan ya tashi, fentin ya zama wata siririyar fata da ruwa ba ya sake narkarwa, kuma wannan na faruwa cikin 'yan mintuna, wani lokaci tun buroshin bai bar wurin ba. Inamel, irin ƙananan gwangwanayen Humbrol masu mililita 14, tina, wato sinadarin tsinka fenti, ce ke ɗauke da shi. Yana shan iska cikin awa ɗaya zuwa biyu, amma ba ya yin ƙarfi sosai sai ya kwana, kuma a farkon wannan tsakanin kana iya jiƙa buroshi da tina ka tashe shi. Fentin mai kuwa ba bushewa yake yi irin ta ruwa ba. Man da ke cikinsa ne ke haɗuwa da iska a hankali har ya daskare, don haka kwanaki yake ɗauka. Abin da ka shafa da safe, da yamma yana nan yana jiran ka.

Daga wannan bambancin ne babbar dokar aikin ta fito. Fentin da ke sama kada ya zama yana narkewa da abin da ke narkar da na ƙasa. In ka shimfiɗa inamel a ƙasa, sannan ka kwararo tsinkakken inamel a sama tun na ƙasan bai gama ƙarfi ba, tinar za ta ci duka biyun, ka ga launin tankar yana bin buroshi. In kuwa akirilik ne a ƙasa, tinar inamel ba ta iya yi masa komai, sai ka yi ta gogewa hankali kwance. Wannan kaɗai ya isa ya yanke hukuncin launin farko: a yi shi da akirilik. Abu ɗaya za ka kiyaye, ba duk akirilik ne 'yan ɗaki ɗaya ba. Na Tamiya da sinadarin alkohol ake tsinka shi, kuma ya fi daɗin fesawa, amma da buroshi yana wahalarwa domin shafa ta biyu kan ɗago ta farko. Na Vallejo ya fi bin buroshi, sai dai in ka zuba masa alkohol zai dunƙule ya toshe maka bindigar feshi.

Kuma kada ka ɓata dare kana neman launin da ya yi daidai ɗari bisa ɗari. A watan Fabrairun 1943 sojojin Jamus suka bar launin toka mai duhu suka koma rawaya mai duhu, sannan aka riƙa ba ma'aikatan tanka kore da jan ƙasa a matsayin kauri a gwangwani, su tsinka da abin da suka samu, fetur ko ruwa, su shafa da kansu a filin daga. Tankoki biyu na runduna ɗaya ma ba lalle launinsu ya zo ɗaya ba. Bayan haka ma, duk abin da za ka ɗora a sama zai sauya launin. Abin da ya fi amfani shi ne ka ɗan haskaka shi fiye da yadda kake so ya ƙare, domin tsufarwa duhu take ƙarawa.

A wajen ɓarewar fenti ma akirilik ne a gaba, kuma saurin bushewar da ke zama masa aibi a wani wuri, a nan alheri ne. Ka yago ɗan guntun soso, ka riƙe shi da hantsaki, ka tsoma a ruwan ƙasa mai duhu, ka dangwala a takarda har sai ya kusa ƙarewa, sannan ka taɓa gefen ƙofa, bakin murfin inji, da inda ake taka ƙafa a hau. Ɗigon zai tsaya da kaifinsa, ba zai baje ba, kuma duk wankin tsinkakken fenti da za ka yi daga baya ba zai share shi ba. Inamel a wannan aikin sai wankin gaba ya tafi da shi. Fentin mai kuwa bajewa yake yi, ba ya ba da kaifin baki.

Akwai kuma dabarar man feshin gashi, wadda ta fi yiwuwa da akirilik. Ka fesa launin ƙasa, ka fesa man gashi siriri a kai, ka ɗora launin sama, sannan ka jiƙa wurin da ruwa ka riƙa taɓawa da buroshi mai ɗan tauri ko tsinken sakace. Ruwan zai ratsa ya narkar da man gashin, fentin sama ya riƙa ɓallewa kamar na gaske. Babu abin da ya kai wannan wajen kwaikwayon farin fentin da ake shafa wa tankoki a lokacin ƙanƙara a fagen yaƙin Rasha, domin shi ma na gasken mai wankuwa ne, yana zubewa ya bar koren ko tokar da ke ƙasa tana leƙowa.

Amma a nan ina roƙon ka riƙe hannunka. A ma'aunin 1/35, wanda Tamiya ta Japan ta yaɗa tun daga samfurinta na tankar Panther na 1961, milimita ɗaya a jikin samfuri santimita uku da rabi ce a jikin tanka ta gaske. A ma'aunin 1/72 ta haura santimita bakwai. Ɓarewar da ka ga kamar ba komai ba, mai faɗin milimita uku, a zahiri ta kai tafin hannu. Sannan ka tambayi kanka me ke ƙarƙashin fentin. Tankokin Jamus na Yaƙin Duniya na Biyu jan fentin shimfiɗa ne a ƙasansu, shi zai fara bayyana kafin ƙarfe. Motar sulke ta Amurka M113 kuwa jikinta alminiyam ne, ba ya tsatsa. Na sha ganin an yi mata jan tsatsa yana zuba daga sama har ƙasa, aikin hannu mai kyau, amma abin da ba ya faruwa.

Inda gardama ta gaskiya take shi ne wanki, wato tsinkakken fenti mai duhu da ake sakawa ya bi tsagogi da kewayen kusoshi don su fito. Akirilik a nan yana ba da wahala. Yana bushewa daga gefe zuwa ciki, ya bar wani zobe mai duhu kamar sawun ruwan da ya ƙafe, kuma in zoben ya zauna ya zauna ke nan, sai dai ka rufe shi da wani fentin. Akwai masu iya sarrafa shi, suna jiƙa wurin tukuna, suna aiki a ɗan ƙaramin fili, suna bin gefen da buroshi mai ɗanshi tun bai kafe ba. Ana yi, amma tsere ne da agogo, kuma ba shi zan ba wanda ke koyo ba.

Saura inamel da mai. Wankin inamel da ake sayarwa a haɗe, irin na AK Interactive, Ammo ko Tamiya, daɗinsa shi ne ka girgiza kwalba ka fara. Kaurinsa ɗaya ne yau da gobe. Ka taɓa bakin buroshi a tsaga, ka ga duhun ya gudu da kansa ya bi layin. Ka jira minti goma zuwa sha biyar, ka goge abin da ya fita da buroshi mai ɗanshin tina. Washegari ka ci gaba. Wankin mai kuwa kai za ka haɗa: ɗan fenti kamar kan ashana a cikin tina marar wari. Yana ba ka iko a kan launi da kauri, ƙwayoyin launinsa sun fi laushi, gefensa ya fi narkewa cikin launin ƙasa, kuma in bayan awa uku ka lura da wani tabo a bayan akwatin kaya, har yanzu kana iya ɗauke shi. Kuɗin wannan sauƙin shi ne jira. Kwana ɗaya zuwa biyu kafin ka ɗora wani abu a kai, in ba haka ba aikin gaba ya kwashe na baya.

Dukkansu biyu suna son jiki mai ɗan santsi. A kan fenti marar sheƙi, wankin ba ya gudu, tsotsewa yake yi ya ɓata fili. Shafa banish na akirilik mai ɗan sheƙi kafin wanki yana magance wannan, yana kuma kare lambobin da ka liƙa.

Kuma dukkansu biyu suna da haɗari guda da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba: tina tana raunana roba. Na koyi wannan a kan wata tankar T-34 da na shafe makonni ina haɗa sarƙarta ɗaya bayan ɗaya, kowane guntu da ɗigon gam. Na cika buroshi da wanki na kwarara a kan sarƙar don ya shiga ko'ina. Ban kai ga ajiye buroshin ba na ji wani ɗan ƙas, sannan wani. Tinar ta shiga mahaɗan da ke ɗauke da nauyi, inda fenti bai rufe robar ba, sarƙar ta tsinke a wuri huɗu, ƙafar taya ɗaya ta saki. Tun daga ranar ba na kwarara tina a inda roba ke a matse ko a lanƙwashe. Ɗigo nake sakawa, in bari ya sha iska, in ƙara. A kan sarƙar roba da aka haɗa guntu-guntu kuwa, nan ne wuri ɗaya da nake komawa wankin akirilik da gangan, domin zoben da yake bari ba ya ganuwa a cikin laka, kuma ruwa ba ya karya komai.

Yanzu ga inda fentin mai ya yi wa sauran nisa, kuma shi ne dalilin da ya sa nake cewa in abu ɗaya za ka koya da kyau, to ka koyi wannan. Jikin tanka ba launi ɗaya ba ne. Saman da rana ke duka ya koɗe, gefen da ruwa ke bi yana da zane-zanen ƙura, kusa da murfin tankin mai akwai duhun maiƙo, ƙarƙashin hasumiya, wato kan tankar mai juyawa da bindiga, akwai inuwar datti. Waɗannan ba su da iyaka mai kaifi, narkewa suke yi cikin juna. Fentin da ke bushewa cikin minti biyu ba zai ba ka wannan ba sai da wahala mai yawa.

Ga yadda nake yi. Ina matsa launuka huɗu ko biyar a kan guntun kwali in bar su kamar awa biyu. Kwalin zai tsotse man da ya yi yawa, za ka ga da'irar maiƙo ta kewaye kowane launi. Wannan yana sa fentin ya bushe da wuri kuma ba tare da sheƙi ba. Sai in ɗauki fili ɗaya kawai, misali gefen hasumiya, in ɗiga ƙananan ɗigo da bakin buroshi: fari da rawayar ƙasa a sama, ruwan ƙasa mai duhu a ƙasa da kusa da mahaɗai. Sannan in ɗauki buroshi mai faɗi, in tsoma a tina, in goge shi a takarda har sai ya zama ɗanshi kawai, in ja daga sama zuwa ƙasa. Ja na farko abin tsoro ne, kamar ka ɓata aikin. Ja na biyar, na goma, ɗigon sun ɓace, abin da ya rage wani sauyin launi ne da ido ke ji amma ba ya iya nuna inda ya fara. In ya yi yawa, ka ƙara ja. In ya tafi duka, ka sake ɗigawa. Babu abin da ka rasa.

Da wannan fentin dai za ka yi zubar tsatsa daga ƙugiya, da baƙin hayaƙin da ke ƙarƙashin bututun hayaƙi biyu na T-34, wadda injin dizal ne da ita, da maiƙon da ke kewaye da cibiyar taya. Launukan da za su ɗauke ka shekaru ba su wuce shida ba: fari, baƙi, rawayar ƙasa, da waɗanda za ka ga an rubuta wa Raw Umber, Burnt Umber da Burnt Sienna. Raw Umber da Burnt Umber suna ma riga sauran bushewa saboda sinadarin manganis da ke cikinsu. Inamel na iya yin zane-zanen ruwa, kuma akwai kwalabe da aka haɗa musamman don haka, amma kowace kwalba aiki ɗaya take yi da launi ɗaya. Ta haka mutum ke tara kwalba ashirin a kan tebur, alhali bututu shida sun isa su haɗa dukkan launukan da ke cikinsu.

Ƙura da laka ba su da doguwar magana. Garin launi shi ne ya fi kama da ƙura domin shi ma gari ne, kuma ɗigon tina na zaunar da shi. Laka mai kauri kuwa, haɗaɗɗen akirilik mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ya fi riƙe jiki. Fallatsin laka a gefen tanka inamel ya fi dacewa da shi: ka cika tsohon buroshi, ka karta shi da tsinke, wanda ya faɗi inda ba ka so ka ɗauke da tina. Ka dai sani in ka fesa banish a kan garin launi, yawancinsa zai dushe, don haka garin launin ne na ƙarshe.

In kana cikin masu yi wa samfuri gyare-gyare, zaɓin fentin yana ƙara nauyi. Siraran sassan tagulla irin na Eduard ko Aber, bakin bindiga na ƙarfe, kayan rezin, da igiyar ja da ka murɗa da wayar tagulla, duk akirilik ba ya kama su da kyau in babu fentin shimfiɗa. Za ka zo gogewa da buroshi ka ga tagulla ta leƙo tana ƙyalli a gefen ragar inji. Don haka samfurin da ya haɗa roba, ƙarfe da rezin dole a fara masa shimfiɗa mai ƙarfi, irin wadda ake kira lacquer, kamar ta Tamiya ko Mr. Surfacer, a bar shi ya kwana. Sassan tagulla da sufagulu ake liƙa su, shi kuwa ƙarfinsa a ja yake, ba ya jure bugun gefe. Dabarar man gashi da ke buƙatar kartawa tana fizge irin waɗannan ƙananan sassa, alhali laushin buroshin fentin mai ba ya taɓa su. Haka kuma in ka yi wahalar fito da gurjin ƙarfen zubi a jikin Sherman M4A1, ko ka zana layukan walda da kwaɓin Milliput, ko ka shafa wa Panther zanen Zimmerit, wato kwaɓi mai tsagi-tsagi a jikin tanka, da Jamusawa suka riƙa yi daga 1943 zuwa Satumban 1944, to wanki siriri ne zai fito da wannan aikin. Wanki mai kauri cike ramukan zai yi ya binne wahalarka. Sarƙar ƙarfe irin ta Friulmodel kuwa ba ruwanta da tina, kana iya jiƙa ta yadda kake so, ka kuma goge saman haƙoranta da takardar yashi ƙarfen gaske ya fito.

Akwai maganar numfashi, kuma ba ƙarama ba ce. Tinar da aka ce marar wari, warin ne kawai aka rage, tururin yana nan. In ɗakin da kake aiki ba ya samun iska, ko akwai yara ko mai ciwon ƙirji a kusa, wannan kaɗai ya isa ya sa ka zaɓi akirilik a komai, ka karɓi wahalar zoben wanki, ka nemi sinadarin da ke jinkirta bushewarsa. Ko akirilik ɗin ma, in fesawa za ka yi, ka rufe hanci da abin kariya na gaske, haka ma lokacin goge rezin.

In ba ka da wannan matsalar, ga abin da zan ce ka yi. Launin farko da ɓarewa, akirilik. Koɗewa, zane-zanen ruwa, maiƙo da tsatsa, fentin mai. Inamel kwalba ɗaya ta wanki mai ruwan ƙasa mai duhu, sai wata mai launin ƙura in kana son fallatsi. Wanda lokacinsa kaɗan ne, yana so ya fara ranar Asabar ya gama ranar Lahadi, inamel zai fi yi masa, domin fentin mai ba ya yarda a gaggauta shi. Wanda ke aiki a ƙaramin ma'auni kamar 1/72 ma zai iya wadatuwa da wankin inamel da ɗan garin launi, tunda filin da za a narkar da launuka a kai bai fi faɗin yatsa biyu ba. Amma mai aiki a 1/35, wanda zai iya ajiye tanka kwana biyu ya ɗauki wata, bututun mai zai fi ba shi abin da yake nema.

Kafin ka taɓa tankar da ka sha wahala a kanta, ka nemi tsohon samfuri ko 'yan cokulan roba, ka fesa musu launin da ka yi amfani da shi, ka gwada jerin gaba ɗaya a kansu: banish, wanki, mai, ƙura, da tsawon jiran da ke tsakaninsu. Sannan ka fara daga ƙarƙashin tankar, tsakanin tayoyi, kafin ka hau saman hasumiya.